Gariba Fita da Motar Mai Takaba

Duk wanda ya zauna Catford, wata unguwa a London, a waɗancan shekarun, in dai yana da mota ko yana da ɗan'uwa mai mota, ya san Gariba fita. Gajere ne kakkaura, kullum cikin shuɗin ofarol, wanda ko ranar Idi sai matarsa ta ɓoye shi kafin ya sa riga. Garejinsa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa yake, wani kogo mai ɗigar ruwa ba rani ba damina. Ɗan zangon Kumasi ne, shi ya sa ake ce masa fita, haka suke kiran bakanike a can. A bakinsa kuwa mace da namiji duk "ya" ne, har mota.

Abu ɗaya ya yi suna da shi: matse wa mota mai. Ka kawo masa mota tana kwankwaɗar fetur, ya buɗe bonet, ya kara kunne, ya murɗa nan ya murɗa can, ka tafi da ita tana ɗan tsotsa kamar jariri marar lafiya. In ta zo hawa tudu sai ta yi ta nishi, amma 'yan minikab, wato masu tasi, ba ƙarfi suke nema ba. Har daga Stratford suke ƙetaro kogi su zo a matse musu.

Hannun nan a Magazin ya samo shi, unguwar makanikan Kumasi, zamanin da fetur ya ɓace a ƙasarsu, sai a kwalba ake sayar da shi, a lungu, da raɗa. Mastan da ya koya masa aiki, in ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, da fambel yake zane yaro. Gariba ya fito daga hannunsa da tabo a gadon baya, da kuma imani cewa duk fetur ɗin da ya shiga inji asara ce, bakaniken kirki shi ne mai tare masa hanya. Ya je Legas, aka koro su da jakunkunan nan masu layi-layi, ya koma gida, ya sake sulalewa, ya faɗo London. Nan kuwa ga fetur a kowace kwana, tiyo a hannunka, kai za ka ce ya isa. Amma hannun Gariba bai taɓa samun labarin an bar Kumasi ba. Ko a gida, Damata matarsa na zuba mai a tukunya, sai ya zo wucewa ya sa yatsa ya ɗaga mata bakin kwalbar. Mace da tukunyarta!

To ga inda abin haushin yake. Mutumin da ba ya son mota ta ci, shi ne kuma yake son ta yi gudu. Yana da wata jar Capri a ƙuryar garejin, tun shekarar da iska ta tuge bishiyoyin London take zaune a kan bulo, ciki a buɗe, kullum wai wata mai zuwa za ta tashi. A kogon da ke kusa da nasa akwai waɗansu samarin Turawa masu gyaran jikin mota. Su duk Lahadi sai su tafi wani tsohon filin jirgin sama a bayan gari, inda motoci biyu ke jerawa su miƙa a guje zuwa wani layi, a ga wa ya riga. Gudun bai kai a sha kofin ruwa ba. Sun tafi da shi kallo sau ɗaya, ya dawo yana warin ƙonanniyar taya, ya kasa cin tuwo don zance. Mutum da furfura a gemu.

Amininsa Zuberu, wanda suka tashi zango ɗaya, shi ba ruwansa da wannan shirme. Minikab yake ja, a Thamesmead yake zaune da matarsa Katumi da 'ya'ya biyu. Wanda bai san Thamesmead ba, to siminti ne aka jibga a bakin kogi aka zuba mutane a ciki, ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai bas, in ya ga dama ya zo. Katumi mai dafa wake da shinkafa ce irin ta zango, da shito, soyayyen yajin nan mai sa gumi. Ita ake ba aikin suna da biki, kuma yawancin masu ba ta aikin a Stratford suke, can ƙetaren ruwa. In ba mota, sai ka hau bas, ka sauka, ka ƙetare kogi, ka sake hawa wani, ga kuloli cike da abinci mai zafi. Motar Zuberu ce ke ɗaukar wannan duka, Sierra mai dogon baya, ruwan toka, irin sababbin nan da ba su da kafireta, injekta ke fesa musu mai. Shi ya koya wa Katumi tuƙi da kansa, ta faɗi gwaji, ta sake faɗuwa, ta ƙi haƙura har ta karɓo lasin. Ba a daɗe ba, wata safiya ya idar da salla ya ce ƙirjinsa, kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Ranar addu'ar bakwai dattawan zango suka zauna a falo suka duba maganar motar. Katumi ta shiga takaba, ba fita, ba kwalliya, ba doguwar magana da maza, wata huɗu da kwana goma. In aka bar motar a ƙasan bene, yaran unguwa za su fasa gilashi su zare rediyo kafin arba'in. Wa ke da wurin ajiya mai ƙofa da kwaɗo? Gariba. Wa ya fi kusa da mamaci? Gariba. Katumi ta ɗaure makullin a hankici ta ba Damata ta miƙa, ta yi magana ta bayan ƙofar ɗaki, murya a dishe.

"Yaya Gariba, motan nan shi ne ƙafana yanzu. Ran da na fita takaba, da shi zan fita."

"Ƙanwana, ko ƙuda ba zai sauka a kanshi ba," in ji Gariba. Har da hawaye, har da jan majina. Dattawa suka ce Allah ya yi albarka.

Da farko ya lulluɓe ta da tamfol, gaskiya. Sai ya fara cewa mota ba ta son zama, batir zai mutu. Ya tayar da ita ya kashe. Sai kuma taya za ta kwanta in ba a juya ta ba, ya zaga da ita Lewisham ya dawo. Ran nan yana goge ta a bakin gareji, ɗaya daga samarin Turawan nan ya leƙo cikin bonet ya yi fito, ya ce wannan injin ai in aka sa masa kwalba zai ba mutane kunya a filin Lahadi, don ba wanda zai zaci komai daga motar tasi. Ya tafi abinsa, ya manta ma ya faɗa. Gariba kuwa maganar ta shige shi kamar ƙaya.

Kwalbar da ake nufi wata shuɗiyar tukunyar gas ce, kamar ta kashe gobara, naitiros suke ce wa abin da ke ciki. A but ake kwantar da ita, a ja siririn bututu zuwa inji, a sa maɓalli kusa da giya. In ka danna, gas ɗin ya shiga, wutar cikin injin ta haukace kamar an sa wa garwashi zugazugi, mota ta zabura. Amma wutar da aka zuga abinci take nema, abincinta kuwa fetur ne. In ba a ƙara mata ba, sai ta juya ta ci tukunyar. Duk macen da ta taɓa barin tukunya a wuta ba ruwa ta san wannan, ba sai an buɗe mata bonet ba.

Iri biyu ake sayarwa, wet da dry, wato jiƙaƙƙe da busasshe. Jiƙaƙƙen yana fesa gas tare da nasa fetur ɗin ta baki ɗaya, kamar baƙon da ya zo da guzurinsa. Busasshen gas ne zalla, baƙo ne hannu rabbana, sai dai injektocin motar su ƙaro mai daga tukunyar gida. Akwai wata 'yar tiyo, ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, ita ce ke kai musu saƙon cewa baƙo ya iso, a ƙara hannu.

A kan wannan suka yi ta fafatawa da Haggai. Haggai mutumin Kafanchan ne, dogo, a garejin bas yake aikin inji, kuma kusan kullum a kogon Gariba yake cin abincin rana, daga kwanon Damata. Ran da ya fara jin zancen ya ce, "Masta, amma motar ba taka ba ce fa." Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, baki cike da shinkafa. Gariba ya ce rana ɗaya ce tak, ya cire, ba wanda zai sani, Zuberu ma da yana raye shi zai zauna a gefe yana dariya. Daga nan Haggai ya goge hannu ya jawo kujera.

"To in dai za ka yi, wet za ka sa."

"Wet? Kana so in zuba mai sau biyu a mota ɗaya?"

"Motar nan kai ka matse ta da hannunka tun Zuberu na minikab. Yanzu ma da yunwa take tafiya. Ka ƙara mata gas ba mai, ka soya fistan, wallahi."

"Wet yana tara mai a maƙogwaro. Ya yi atishawa ɗaya, wuta ya fito ta gaba, bonet ya tashi sama. Na gani da idona a fili."

"Don wancan bai iya fitting ba ne. Kai dai faɗi gaskiya, rowa ce."

"Ku 'yan Najeriya mai ya lalata ku. Kuna wanke hannu da fetur!"

"Ku kuma kuna auna shi da cokali, kamar maganin tari."

Haka suka yi ta yi, yau a gareji, gobe a waya. Manyan maza biyu, ɗaya mai tabon salla a goshi, ɗaya mai rera waƙa a coci, sati da sati suna jiƙaƙƙe ne ko busasshe, ba wanda ya sake komawa kan motar wa. Tir.

Gariba yana da wani dalilin da bai faɗa wa Haggai ba. Jiƙaƙƙen sai an yanka bututun mai an yi masa reshe, in an cire tabon yana nan, wata rana wani bakaniken zai gani ya tambaya. Busasshen kuwa a kwance shi a share wurin, shi ke nan. Rowa ta ce busasshe, rashin gaskiya ma ya ce busasshe. Busasshen ya saya.

Damata ta gano ne ran da ta kawo abinci ta tarar da but a buɗe. Daidai inda kulolin Katumi ke zama, inda har yanzu akwai zoben man shito a jikin kafet, ga shuɗiyar kwalba an ɗaure ta da ƙarfe.

"Baban Rukayatu, mene ne wannan?"

"Na kashe wuta ne. Doka ne yanzu."

"Na kashe wuta, da bututu har cikin inji? Ni ka ɗauka yau na sauko daga jirgi?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, don shi in dai zancen inji ne ba ya iya rufe baki ko da kansa zai tona. Ta saurara har ya gama.

"Duk Juma'a ina zuwa wajen Katumi," ta ce. "Yana zaune a tabarma, ba ko kwalli a idonshi, yana tambayana, 'Yaya, motan yana lafiya?' Ni kuma in ce yana nan. Da bakin nan nawa nake cewa. Ka cire abin nan yau."

"Zan cire."

"Yaushe?"

"Je ki gida. Ba kicin ba ne nan."

"In ka fita da shi wajen Turawan nan, kar ka sa rai zan rufa maka." Ta ɗauke kwanon da ta kawo, ba a ko buɗe ba, ta tafi da shi.

Gariba ya gama ɗaurawa wata rana Haggai na bakin aiki. Ya tayar da mota, ya ɗan taɓa maɓallin don gwaji, idonsa a kan wani agogo da ya maƙala mai nuna ƙarfin mai. Allurar ta yi tsalle ta haye sama. 'Yar tiyon ta kai saƙo, injektoci sun buɗe baki, fetur na kwarara. Gariba ya ji bayansa ya yi yar, daidai wurin tabon. Duk wannan man, don gudun da bai kai a sha kofin ruwa ba? Turawa dai da ɓarna, in ji shi a ransa, ai shi ya san inji tun ba a haifi wanda ya ƙera kwalbar ba. Ya zare 'yar tiyon, ya toshe gurbinta da ƙaramin sukuru, ya sake taɓa maɓalli. Allura ta zauna lafiya. Ya yi murmushi, ya ji ya gyara wa Turawa aikinsu.

Ana saura kwanaki kaɗan Katumi ta fita takaba, ya ga in bai je wannan Lahadin ba shi ke nan. Ya ce wa Damata zai je bolar motoci neman wani ƙarfe. Haggai ya fito daga coci ya bi shi a baya da 'yar motarsa ta kaya, wai shi kallo kawai zai yi.

Da aka kira su layi, mutane suka fara dariya. A gefen Gariba wani Bature ne da baƙar Escort mai faffaɗar taya, tana ruri. Ga kuma motar tasi ruwan toka, eriyar minikab a samanta, carbin Zuberu na lilo a jikin madubi. Ko carbin bai cire ba. Fitila ta yi kore. Ya taka totur, ya sa giya ta biyu, ya danna maɓalli.

A faɗi gaskiya, ta tashi. Kujera ta naushe shi a baya, carbin ya miƙe ya nuna but, baƙar Escort ta dawo gefensa, ta koma bayansa. Gariba ya buɗe baki yana ihu shi kaɗai, yana kiran mastansa na Magazin, wai ya zo ya gani. Iyakar abin da ya samu ke nan a duk wannan hidima. Sai injin ya fara wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Mai hankali ɗaga yatsa zai yi. Shi ya ga layin ƙarshe ya matso, ya ƙara dannawa. Aka ji dum. Hayaƙi fari da shuɗi ya turnuƙe ta salansa da ta ƙarƙashin bonet, motar ta yi ta gangarawa a hankali har ta tsaya, Escort ta wuce ta kamar ta wuce shago.

Haggai ya iso da gudu, ya ɗaga bonet, ya kwance fulogi ɗaya, ya ga bakinsa ya narke kamar kyandir. Ya bi bututu da ido.

"Masta. Ina ƙaramar tiyon?"

"Yana shan mai da yawa."

"Me ka ce?"

"Na ce yana ɓarnan mai, na cire."

Haggai ya dube shi, ya dubi carbin, ya juya ya tofar da yawu a kan kwalta. Sai a lokacin ya tuna motar ta marayu ce. Da igiya ya jawo su gida har Catford.

Da Gariba ya buɗe injin, fistan ɗaya ya huje, rami ya isa babban yatsa ya shige, gefensa ya zagwanye kamar gindin tukunyar da aka manta a wuta. Bangon da yake gudu a ciki ma ya karce, ba gyara sai wani injin. Ya zaga boloji bai samu irinsa ba, kwanaki kuma sun ƙare. Nan ne fa mutum zai hau bas ya je ya tsaya a bakin ƙofar matar nan ya ce na ci amana. Gariba bai yi haka ba. Ya zare fistan ɗin ya jefa a duron shara, ya mayar da murfin inji ya ɗaure, ya kwance kwalba da bututu, ya share wuri tas, yadda ya tsara tun farko. Ya wanke motar, ya shafa mata man ƙyalli, ya fesa turare a ciki. Ranar fitar takaba da sassafe Haggai ya ja ta zuwa Thamesmead, bisa alkawarin cewa Gariba zai faɗi gaskiya da bakinsa, ya kwance igiyarsa ya gudu, ko gaisuwa bai hau ya yi ba.

Gidan ya cika, mata a kicin da ɗaki, dattawa a falo. An yi addu'a, an raba masa da kunu. Katumi ta yi wanka ta ɗaura sabon zani, ta zizara kwalli, ta rame amma ta miƙe. Ta ce kafin komai za ta sauka ta ga motar. Jama'a suka biyo ta, waɗansu ta lif, waɗansu ta matakala. Gariba na tsaye a jikin mota da babbar riga. Ya miƙa makulli da hannu biyu, a cikin hankicin da aka ba shi.

"Ga amananki, ƙanwana."

Ta shiga ta zauna, ta shafa carbin, ta yi bisimilla, ta murɗa. Motar ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar ana dukan bokiti da guduma, ta mutu. Ta sake murɗawa. Baƙin mai ya fara ɗiga a kan siminti, yana gangarowa wajen takalman dattawa.

Gariba ya dafe kai. "Inna lillahi. Jiya-jiyan nan lafiyanshi lau." Ido ya kawo ruwa, hawayen nan nasa da ba sa wuyar zuwa. "Jama'a, ni na daɗe a aikin nan. Ƙarfe ma yana sanin mai shi. Ya ji hannun ba na Zuberu ba ne. Motan ya bi maigidanshi."

Wata tsohuwa ta ce Allahu akbar ta fashe da kuka. Dattawa suka hau gyaɗa kai, wani har yana cewa ya taɓa jin irin haka a Tamale. Katumi ta kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunta na rawa. Wato bayan ya ƙona mata mota, ya kuma gaya mata a gaban mutane cewa hannunta ne motar ta ƙi. Kuma saura kaɗan ya sha.

Sai ga Damata ta ratso mutane da langa a rufe, irin mai furanni da ake kai wa surukai abinci. Kowa ya ɗauka rabon wani ne ta sauko da shi. Ta dire ta a kan bonet ɗin da ya sha man ƙyalli, ta ɗaga murfi. Fistan ne a ciki, baƙi ƙirin, da raminsa. Tun da ta ga mijin ya kasa haɗa ido da ita ta je garejin ta tona duron shara.

"Ga abin da ya bi maigidanshi," ta ce. "Baba Alaji, ku sa yatsa ku ji. Tsere ya kai shi wajen Turawa, da gas a but." Ta juyo. "Masta, gaya musu mana. Jiƙaƙƙe ka sa ko busasshe?"

Mai sauran kunya a fuska ƙasa zai duba. Gariba ya buɗe baki.

"Busasshe ne. Amma ba laifin busasshen ba ne, ku tsaya ku ji. Fetur na ƙasan nan ba shi da nauyi. Da a ce na Kumasi ne..."

Har ya ɗauki fistan ɗin yana juya shi, yana nuna wa dattawa inda wutar ta fara ci. Limamin da ya yi addu'a ya karkaɗe rigarsa ya koma sama, bai saurari ƙarshen ba.

Katumi ta fito daga motar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, matan da suka matso don su riƙe ta ba su sami abin riƙewa ba. Ta zare carbin daga madubi ta nannaɗe a hannu, ta kulle ƙofa, ta ɗaure makulli a bakin zani.

"Ƙanwana, zan nemo inji. Wata mai zuwa..."

"Kaman Capri?" ta ce. "Hannunka ba zai ƙara taɓa shi ba, Yaya Gariba. Asabar ina da suna a Stratford. Na karɓi aikin tun ina ɗaki, don na san ina da mota. Kula huɗu ne. Ka zo da wuri, bas ba ya jira."

Motar ba ta sake tashi ba. Haggai ya yi ta aiko alkawarin inji daga nesa, kunya ta hana shi zuwa kusa, har taya ta kwanta, yaran unguwa suka yi abin da dattawa suka ji tsoro tun farko, daga baya masu bola suka zo suka ɗauke ta. Damata ba ta bar gidan ba, amma kwanon abinci bai sake zuwa gareji ba, kuma ta koma zuba mai a miya yadda ta ga dama, tana kallonsa ido cikin ido. 'Yan minikab kuwa, maza, ba su daɗe ba suka dawo layi a matse musu. Makulli ne dai ba wanda ya ƙara barin ya kwana a hannunsa.

Shekarun da suka biyo baya, duk wanda ya hau bas ɗin Thamesmead da safiyar Asabar zai gan su. Katumi a bakin taga da jaka a cinya. Gariba a gefenta, kula ɗaya a cinya, ɗaya tsakanin ƙafafu, biyu a wurin ajiye kaya yana leƙensu duk kwana, man shito na bin ofarol. A sauka, a ƙetare kogi, a sake hawa, shi ke ɗauka. Ba ta taɓa yi masa zancen motar ba, ba ta kuma taɓa ce masa sannu ba.

Wata Asabar bas na hawa tudu, ya karkata kai ya ɗan saurari injin, ya juyo wajenta.

"Kin ji? Bas ɗin nan yana shan mai da yawa. Da za su ba ni shi rabin yini..."

Katumi ba ta ɗauke ido daga taga ba.

"Riƙe kulan da kyau," ta ce. "Miya yana zuba."